Yadda wata cibiyar ƙarin darasi a Jidda ke koyar da rabon da bai tashi daidai ba

A kudancin Jidda akwai wata cibiyar ƙarin darasi mai lasisi wadda yawancin malamanta 'ya'yan Hausawa ne haifaffun Saudiyya, kuma iyaye da dama daga cikin jama'armu suna kai yaransu can da yamma domin lissafi da kimiyya. 'Ya'yana biyu suna cikinta, ƙaramin yana aji huɗu na firamare, babban kuma yana aji biyu na sakandare, yana shirin jarrabawar Tahsili wadda ake auna ɗalibi da ita a lissafi da fiziks da ilimin sinadarai da ilimin halittu kafin shiga jami'a. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti, aikina kullum awo ne da karkasa jini da ruwan sinadarai, saboda haka da hukumar cibiyar ta ba iyaye damar zama a bayan aji, sai na zaɓi in auna ta da abu guda wanda na san shi ciki da waje, wato yadda take koyar da rabon da bai tashi daidai ba da sunayen da ake kiransa da su. A wannan babin ne ake rarrabe malamin da ya fahimci abin da yake faɗa da wanda ya haddace littafi kawai.

Wahalar yaranmu sananniya ce. Yaro yana tashi da Hausa a gida, ya karɓi lissafi da Larabci a makaranta, sannan idan Allah ya kai shi sashen kimiyya ko likitanci a Jami'ar Sarki Abdul'aziz ko Ummul Ƙura, ya tarar da manyan littattafan da Ingilishi. Kowane mataki yana zuwa da sababbin sunaye na abu guda, kuma yaron da ya riƙe suna bai riƙe ma'ana ba, da zarar an sauya harshe sai ya koma kamar bai taɓa jin darasin ba. Tsarin wannan cibiya shi ne a fara zaunar da ma'ana da Hausa, a ɗora mata sunan Larabci da yaro zai gani a jarrabawa, daga baya a nuna masa sunan da zai haɗu da shi a jami'a.

A ajin ƙanana, malamin ya zuba dabino 17 a faranti, ya kira yara biyar ya ce su raba. Kowa ya ɗauki uku, biyu suka rage. Ya rubuta sunayen huɗu a allo da Hausa da Larabci: abin rabawa shi ne maƙsum, mai rabawa shi ne maƙsum alaihi, kason kowa shi ne natijul ƙisma, ragowa kuma ita ce albaƙi. Wani yaro da ya latsa kalkuleta ya ga 3.4, sai ya ɗaga hannu ya ce ragowar huɗu ce. Malamin bai ce masa ya yi kure ba. Cewa ya yi: "Ɗana, zo ka nuna mini dabino huɗun nan a farantin." Yaron ya leƙa, ya ce: "Malam, biyu ne kawai." Daga nan malamin ya nuna masa cewa 0.4 ɗin da na'ura ta ba shi biyu bisa biyar ne, wato abin da kowane yaro zai ƙara samu idan aka yayyanka dabinon nan biyu aka raba wa su biyar, kuma idan ya ninka 0.4 sau biyar zai dawo kan biyunsa. Na ga ɗaliban jami'a masu zuwa koyon aiki a wurinmu waɗanda wannan bambanci bai zauna musu ba, saboda haka na ji daɗin ganin an kama shi tun daga aji huɗu. Malamin ya rufe da ƙa'idar da dukan babin ya dogara a kanta: 17 daidai yake da biyar sau uku a tara da biyu, kuma dole ragowa ta gaza mai rabawa, domin muddin akwai dabino biyar a faranti, to rabo bai ƙare ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai bar ragowa a matsayin lambar da ake rubutawa a gefe a manta da ita ba. Ya ba su tambayar alhazai 130 da za a kwasa daga Jidda zuwa Makka a motocin da kowace ke ɗaukar mutum 45. Rabawa ta ba da biyu da ragowar 40, kuma kusan rabin ajin suka ce mota biyu. Ya tambaye su ko mutum arba'in ɗin nan za a bar su a filin jirgi ne, nan take suka gyara suka ce uku. Sai ya juya tambayar zuwa kwanakin mako: idan yau Juma'a ce, wace rana ce bayan kwana 100? Makonni 14 sun cinye kwana 98, saura biyu, amsa ita ce Lahadi, kuma a nan kason 14 ɗin ba shi da wani amfani, ragowar ce amsar gaba ɗaya. Da wannan hanya ya nuna musu dalilin da ya sa farkon shekarar Hijira ke matsawa da kwana huɗu ko biyar a cikin mako, tunda shekarar kwana 354 ce ko 355, kuma 354 makonni 50 ne da ragowar huɗu.

A ajin manya wani malami ne daban, kuma shi ne ya shigo da kalmomi biyu masu asali daga Latin waɗanda ɗalibin kimiyya zai ci karo da su, alikwat da alikwant. Ya kira na farko kaso mai cinyewa, na biyu kuma kaso mai barin ragowa. Idan aka ɗauki 12, lambobin 1, 2, 3, 4 da 6 suna shiga cikinta su cinye ta ba saura, su ne alikwat, kuma su ne ƙawasim ɗin da yara suka sani a littafin makaranta idan aka cire ita kanta 12 ɗin. Lamba 5 kuwa tana shiga sau biyu ta bar biyu, don haka alikwant ce, haka ma 7 da 8 da 9. Ya ɗan faɗaɗa ya nuna musu cewa idan aka tara kasusuwa masu cinyewa na 6, wato 1 da 2 da 3, ana dawowa kan 6, kuma haka 28 da 496 suke, shi ya sa ake kiransu cikakkun lambobi. Ya kawo 220 da 284, waɗanda jimillar kasusuwan kowace ke ba da 'yar'uwarta, ya gaya musu cewa Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya fitar da ƙa'idar nemo irin waɗannan lambobi masu ƙaunar juna. Bai manta da namu ba, domin ya ambaci Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi daga Katsina wanda ya zo aikin Hajji, ya yi rubutu a kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Wannan ba ya cikin manhajar Tahsili, amma na ga yadda yaran suka gyara zama da suka ji sunan Katsina, kuma ban ɗauki mintunan da aka kashe a kansa a matsayin asara ba.

Inda cibiyar ta yi fice da gaske shi ne haɗa wannan babi da rabon gado. Yaranmu sun karanta ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i, sun san rabi da rubu'i da sumuni da sulusani da sulusi da sudusi, amma ba kasafai ake nuna musu cewa malaman fara'id sun daɗe da raɗa wa kowane nau'in rabon da bai tashi daidai ba sunansa na musamman ba. Malamin ya tuna musu cewa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabra a Bagadaza wajen shekarar 820 a zamanin Halifa Ma'amun, ya keɓe babban ɓangare na littafin ga lissafin wasiyya da gado. Sai ya kawo mas'ala mai sauƙi: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza uku. Asalin mas'ala, wato adadin kasusuwan da za a fara kasa dukiyar, takwas ne, mata ta ɗauki sumuni, wato kaso ɗaya, saura bakwai a tsakanin mutum uku, kuma bakwai ba ta rabuwa uku sai da ragowa. Wannan shi ne inkisari, gyaransa kuma shi ake kira tas'hihi: a ninka takwas sau uku a sami 24, mata ta ɗauki uku, kowane ɗa ya ɗauki bakwai, babu wanda rabonsa ya ƙaru ko ya ragu, an dai ƙananta ma'aunin ne har ya cinye.

Daga nan ya shiga auli, wanda a ganina shi ne darasi mafi kyau da na ji a wurin. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, da dukiya ta riyal 42,000. Miji yana da rabi, wato 21,000, su kuma suna da sulusani, wato 28,000, jimilla 49,000, alhali abin da ke ƙasa bai kai haka ba. Ya bar su suna ta juya lissafin har wani ya ce a fara biyan miji, wani ya ce a fara da matan. Sannan ya gaya musu cewa irin wannan mas'ala ta taso a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, kuma hukuncin da aka tsaya a kai shi ne naƙasar ta hau kan kowa gwargwadon rabonsa. Asalin mas'ala shida ne, miji yana da uku, matan suna da huɗu, sai a ɗaga asalin zuwa bakwai. Kowane kaso ya zama riyal 6,000, miji ya karɓi 18,000, kowace mace ta karɓi 12,000. Ya ƙara da mas'alar da ake kira Minbariyya, wadda ake jingina wa Sayyidina Ali, inda mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba suka haɗu, asali ya tashi daga 24 zuwa 27, sumunin mata ya koma tusu'i, wato ɗaya bisa tara. Kishiyar auli ita ce raddi, inda kasusuwan ke gaza cinye dukiyar kuma babu asaba, wato magajin da ke kwashe abin da ya rage, kamar uwa da 'ya ɗaya waɗanda rabonsu ya tsaya a huɗu bisa shida. A nan ya yi abin da ya ƙara masa ƙima a idona, domin ya faɗa musu cewa asalin mazhabar Malikiyya, wadda iyayenmu suka tashi a kanta, tana mayar da ragowar ga baitulmali, Hambaliyya kuwa tana mayar da ita ga magadan, kuma shi lissafi yake koyarwa, mai neman hukunci ya tafi wurin alƙali ko malamin fiƙihu.

Ƙa'idar ragowa ta aljabra, wadda ke cikin littafin aji biyu, an wuce ta da sauri kuma ba ta bukaci fiye da haka ba. Idan aka raba x² + 3x + 5 da x − 2, ba sai an yi doguwar rabawa ba, a sa 2 a madadin x kawai, a sami 15, ita ce ragowar.

A ɓangaren sinadarai hukuncina ya rabu biyu. Malamin ya dawo da kalmar alikwat a ma'anarta ta ɗakin gwaji, wato wani sanannen adadi da ake ɗiba daga ruwan da ya gauraya sosai domin ya wakilci sauran. Idan aka narkar da gishiri a kwalbar awo mai dogon wuya ta mililita 250, aka ɗebi mililita 25 da bututun awo da muke kira fifet, an ɗebi kashi ɗaya bisa goma, don haka duk abin da aka samu a gwaji sai a ninka shi sau goma. Ya kuma kawo abin da ƙungiyar IUPAC, mai daidaita sunayen sinadarai ta duniya, ta rubuta, cewa an yi amfani da alikwant ga abin da ba ya cinye jimillar, kamar mililita 15 daga cikin 100. Duk wannan daidai ne. Inda na saɓa da shi shi ne nauyin da ya ɗora wa wannan bambanci har ya sa shi a gwajin mako, alhali a wurin aiki, idan muka juya jini a na'ura muka karkasa ruwansa a ƙananan kwalabe, kowace kwalba alikwat muke ce mata, ko ta cinye ko ba ta cinye ba. Abin da ke ɓata sakamakon marar lafiya shi ne a ɗiba daga ruwan da bai gauraya ba, ko a karanta layin awo daga sama maimakon a daidaita ido da ƙasan lanƙwasar ruwan, ko a hura ɗigon ƙarshe da aka ƙera fifet ɗin domin ya riƙe. Waɗannan ba a koyonsu sai da hannu, cibiyar kuwa ba ta da fifet ko ɗaya. Hoton bidiyo ake nuna wa yara, sai sirinjin kantin magani da malamin ya zo da shi daga gida. Na gaya wa shugaban cibiyar cewa kayan gilashin nan ba su da tsadar da za ta gagare su, kuma ana iya yin dukan atisayen da ruwa mai launi ba tare da wani hatsari ba.

Darasinsa na tsinkewar ɗauri, wato abin da ke riƙe ƙwayoyin zarra da juna, kuwa ya yi kyau ƙwarai. Ƙwayoyin zarra biyu da suka haɗu suna tarayya ne a kan ilektron biyu, kuma ya kwatanta su da abokan kasuwanci biyu da suka haɗa jari, ranar rabuwa ko kowa ya ɗauki nasa, ko mai ƙarfi ya kwashe duka. Na farko shi ne homolisis, ya kira shi tsinkewar raba-daidai: hasken rana mai ƙarfi ya bugi iskar kulorin, ɗaurin ya tsinke, kowace ƙwaya ta tafi da ilektron ɗaya, ta zama radikal, ba ta da caji amma tana da zafin nema, domin tana neman abin da za ta cike gurbinta da shi. Na biyu shi ne heterolisis, tsinkewar kwashe-duka: a tsakanin haidurojin da kulorin tun asali tarayyar ba daidai take ba, domin ƙarfin jan ilektron na kulorin 3.16 ne a ma'aunin Pauling, na haidurojin kuma 2.20, saboda haka da sun shiga ruwa sai kulorin ya tafi da duka biyun ya ɗauki caji na ragi, haidurojin ya bar wurin da caji na ƙari ya manne wa ƙwayar ruwa. Ya tsaya a kan kowane yaro har ya iya zana kibiya mai rabin kai ga ilektron ɗaya da kibiya mai cikakken kai ga biyu, abin da ke kayar da ɗalibai da yawa a shekarar farko ta jami'a. Da babban ɗana ya tambaye shi amfanin sanin wannan, sai ya nuna na'urar sanyaya ɗakin da ke bango, ya ce tsohuwar iskar CFC da ake sa wa irinta da firij, idan ta hau sama, hasken rana yana tsinke mata kulorin ta hanyar raba-daidai, kuma wannan radikal ɗin ne ke cinye iskar ozon mai kare duniya daga haske mai cutarwa na rana, kamar yadda masana sinadarai Molina da Rowland suka bayyana a 1974, abin da ya kai ga yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta daina amfani da irin wannan iska.

Ya kuma nuna musu wani rabo na daban, inda sinadari guda ke rabuwa gida biyu, wani sashe ya hau wani ya sauka. Ya ɗiga ruwan wanke ciwo na haidurojin feroksaid a kan yankan ɗanyen dankali, kumfa ta taso, ya bayyana cewa oksijin ɗin da ke da lambar −1, lambar da ke nuna ilektron ɗin da ya karɓa ko ya bayar, ya rabu, wani ya sauka zuwa −2 ya zama ruwa, wani ya hau zuwa sifiri ya fita a matsayin iska. Wannan gwaji bai ci kuɗin kirki ba, kuma shi ne hujjata cewa rashin kayan awo sakaci ne da za a iya gyarawa. Wuri ɗaya da ya yi gaggawa shi ne babin sinadari mai ƙarewa da mai saura. Ya ce idan aka haɗa mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) biyar na haidurojin da mol biyu na oksijin, za a sami mol huɗu na ruwa, mol ɗaya na haidurojin ya rage, kuma wannan ita ce ragowar da suka sani a lissafi. Kwatancin yana taimakawa a farko, amma ya kamata a gaya wa yaro iyakarsa, domin ragowar lissafi dole ta gaza mai rabawa, saurar sinadari kuwa ba ta da wannan sharaɗi: da mol 50 aka zuba, 46 ne za su rage.

Babban aibin da na gani shi ne malaman ba su zauna sun daidaita kalmominsu na Hausa ba. Malamin ƙanana yana cewa ragowa, na manya wani lokaci ya ce saura, wani lokaci rara, kuma a takardun da ake raba wa ɗalibai kalmar rabuwa tana tsayawa a madadin rabawar lissafi da tsinkewar ɗauri da narkewar gishiri a ruwa, abubuwa uku da ba su da alaƙa. Cibiyar da ta gina sunanta a kan zaunar da ma'ana da harshen gida bai kamata ta bar wannan ga ra'ayin kowane malami ba, shafi biyu masu jere uku na Hausa da Larabci da Ingilishi sun isa su magance shi. Takardun kansu kwafi ne a kan kwafi, har ƙananan lambobin caji da na ƙasan alamomin sinadarai sun dusashe, kuma a wannan fanni dusashewar alamar ragi guda tana juya ma'ana gaba ɗaya.

Ajin manya yana cika fiye da kima idan jarrabawa ta matso, na baya ba sa ganin allo sosai, kuma darasin da ake farawa bayan sallar Isha'i yana kai ƙananan yara dare. Sashen mata yana da malamar lissafi da matar ɗan'uwana ke yabawa, amma a lokacin da nake wannan rubutu ba su da malamar sinadarai ta ajin ƙarshe, saboda haka mai 'ya mace ya tambayi wannan kafin ya biya. Kuɗin wata-wata ake biya, yana ƙasa da abin da masu zuwa koyarwa gida suke karɓa, kuma ana yi wa mai yara fiye da ɗaya rangwame. Mai yaro a firamare ko matsakaiciya ya kai shi ba tare da wani ɗari-ɗari ba. Wanda ɗansa ke nufin likitanci ko harhaɗa magunguna kuwa, ya sa shi a ajin sinadaran domin bayanin, amma ya nema masa inda zai riƙe fifet da kwalbar awo da hannunsa kafin ya shiga jami'a, kuma ya nemi a ba shi asalin takardun ta WhatsApp maimakon kwafin da ake rabawa a aji.